"Sai bango ya tsage": ta dace da ƙwayar gwajin Livermore kuwa?

Malamin Kimiyya:
Jama'a, ina neman ra'ayinku kan karin maganar nan, "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga", domin ina so in bayyana wa ɗalibai da ita matsalar da ta daɗe tana ci wa masu binciken haɗe ƙwayoyin zarra (hanyar samar da makamashi irin ta rana) tuwo a ƙwarya. A cibiyar gwajin leza ta NIF da ke ɗakin bincike na Lawrence Livermore a jihar Kalifoniya ta Amurka, ana harba hasken leza 192 cikin wani ɗan bututun zinariya, bututun ya fitar da hasken eksire, shi kuma ya ƙone saman ɓawon wata ƙwaya mai faɗin kusan milimita 2 wadda ke ɗauke da nau'o'in haidurojin biyu masu nauyi. Saman ɓawon yana ƙonewa yana fita, sauran ɓawon yana rugawa ciki da gudun kusan kilomita 400 a daƙiƙa ɗaya. A wannan matsi abu marar nauyi ne ke tura mai nauyi, kamar a ce mai ne ke ɗauke da ruwa a kansa, saboda haka duk ɗan tudu ko rami da ke jikin ɓawon sai ya yi ta girma har ya ɓata aikin. Masanin kimiyya Rayleigh ya yi bayanin wannan hali a 1883, wani masanin, Taylor, ya faɗaɗa shi a 1950.

Hajiya Mai Adabi:
Malam, ban ga ta zauna daidai ba. Hausawa suna faɗar ta ne idan saɓani ya shiga tsakanin 'yan'uwa ko ma'aurata har bare ya sami kafar sa baki, wato ƙadangare daga waje yake zuwa, kuma da ba ya nan tsagar za ta zauna yadda take. A bayaninka kuwa babu bare, aibin da kansa ne ke girma. Ni da "ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido" zan ɗauka.

Ɗalibin Injiniya:
Hajiya, ki yi mini afuwa, ƙadangaren yana nan. Ɓawon ƙwayar na lu'ulu'u ne, wato kabon, kuma idan ya tsage sai kabon ɗin ya kutsa cikin tsakiyar da ake so ta wuce digiri miliyan 100, ya riƙa fitar da zafinta waje ta hanyar haske har ta huce kafin wutar haɗewar zarra ta kama. Ko siririn bututun da ake ɗura haidurojin ta cikinsa yana zama ƙofa, shi ya sa aka rage kaurinsa daga maikuron 10 zuwa 2 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita).

Dattijon Zaure:
Yaro ya kawo hujja, amma hujjarsa ta fi taimakon Hajiya. Akwai wata siririyar leda da ake rataye ƙwayar da ita a tsakiyar bututun zinariyar, wadda lissafin farko na kwamfuta bai ba ta muhimmanci ba, daga baya aka gano tana cikin manyan abubuwan da ke yaga ɓawon. Wannan raini ne ƙarara. An kammala cibiyar a 2009, shirin farko na kunna wutar ya ƙare a 2012 ba tare da nasara ba, kuma sai ranar 5 ga Disamba 2022 aka harba makamashin leza megajul 2.05 aka samu 3.15, wato abin da ya fito ya fi abin da aka harba.

Hajiya Mai Adabi:
Na gode, Baba. Ɗalibi, na karɓi batun kabon, sai dai har yanzu akwai inda karin maganar ta gaza. Bango ana iya yaɓe shi ya koma lafiya lau, ita kuwa ƙwaya, yadda Malam ya kwatanta ta, ba za a taɓa ƙera wadda ba ta da aibi ko kaɗan ba, tun da matsin ne da kansa ke ninka shi. Malam, me suka yi ke nan da aibin da ya ƙi gyaruwa?

Malamin Kimiyya:
Sun rage saurin girmansa ne, Hajiya. A 2013 da 2014 tawagar masanin kimiyya Omar Hurricane ta ƙara ƙarfin bugun farko na lezar, abin da ya sa ƙwayar ba ta matsuwa kamar da, amma ɓawon ya fi jure tafiyar, kuma a lokacin ne makamashin da ya fito ya fara zarce wanda ya shiga cikin haidurojin ɗin kansa. Tsagar tana nan, an dai hana ta buɗewa da wuri, kuma wannan ɓangare ne zan yi wa ɗalibai bayaninsa kai tsaye ba tare da karin magana ba.