Musayar Waƙa: Wanda Ya Tuba, Ana Riƙe Masa Jiyarsa?

Ɗan Fagge
Salamu alaikum 'yan zaure. Na wannan makon daga gidanmu ya fito, don haka a amsa mini da gaske. Amsa-amo "ba".

Da sunan Allah nake farawa,
Wanda rahamarsa ba ta yanke ba.

Wani ya fito neman ƙanwata,
Da sana'arsa, bai zo da wasa ba.

Mun shiga unguwa muna bincike,
Ba mu tsaya a bakin mutum ɗaya ba.

Suka ce a da ɗan shaye-shaye ne,
Kwalbar kodin ba ta bar hannunsa ba.

Yanzu ya bari, yana sahun farko,
Ba a taɓa rasa shi da asuba ba.

Ni kuwa raina ya ƙi kwanciya,
Ban ga abin da zan kama ba.

Hali zanen dutse ne, in ji manya,
Ruwan sama bai taɓa share shi ba.

Ku faɗa mini, in kai shi gaban Baba,
Ko in ce masa bai dace ba?

'Yar Zazzau
Yaya Ɗan Fagge, na ji batunka,
Sai dai ban ga adalci ba.

Kun tone jiya har ƙarshenta,
Ba ku tambayi yau ɗinsa ba.

Umaru ya fito da takobi zare,
Bai nufi Manzo da alheri ba.

Ya biya gidan ƙanwarsa Faɗima,
Ya karanta Ɗaha, bai koma jiya ba.

Shi ne ya zamo halifa na biyu,
Ba a ce a tuna masa baya ba.

Halidu ya juya yaƙin Uhudu,
Musulmi ba su ji da daɗi ba.

Daga baya Takobin Allah ne,
Ba a kira shi da tsohon suna ba.

Kai wane ne da za ka rufe ƙofa,
Wadda Ubangiji bai rufe ba?

Da an karanta taka jiyar a fili,
Da ko kaza ba a ba ka ba.

Na Tudun Wada
Kai! Zazzau ta yi magana. Allah ya ƙara basira, ƙanwata. Kanawa a koma Kantin Kwari, karatu dai sai Zariya.

Ɗan Fagge
'Yar Zazzau, ja bakinki kaɗan,
Ban zo nan don ki tona ni ba.

Kin kawo Umaru kin kawo Halidu,
Ba ki kawo Wahashi ba.

Shi ya kashe Hamza ranar Uhudu,
Da mashin da bai kuskure ba.

Ya musulunta, Manzo ya karɓa,
Bai ce tubarsa ba ta yi ba.

Amma ya nemi ya kau da fuska,
Don zuciya ba ta manta ba.

Yafiya daban, ba da amana daban,
Waƙarki ba ta raba su ba.

Ƙanwa ɗaya gare ni a duniya,
Ban raine ta don a gwada ba.

Malamin Damagaram
Ɗan Fagge, hujjarka ta tsaya amma karinka ya karye. "Kin kawo Umaru kin kawo Halidu" gaɓa 12 ne, ɗangon da ya bi shi 8. Wa zai rera wannan? Sannan ku duka kun fake a amsa-amon "ba", wanda duk mai korewa zai samu a banza. Ga "ri", mai ƙarfi ya biyo ni.

Maliku ya kawo a Muwaɗɗa,
Wani ya je neman aure a gari.

Ɗan'uwan yarinyar ya buɗe baki,
Ya faɗi laifinta na tun fari.

Da Umaru ya ji sai ya hasala,
Ya buge shi ko ya kusa, ba jinkiri.

Ya ce masa, me ya haɗa ka
Da kwasar wannan labari?

Abin da Allah ya lulluɓe,
Kar ka zamo mai fasa asiri.

Ɗan Fagge
Malam ya zo da ma'aunin gaɓa,
Bai auna nauyin raina ba.

Sarkin Samarin Kawo
Ku ba shi kawai, ai namiji ne,
Ƙuruciya ce, ta wuce.

Da mace ce ta riƙe kwalba,
Sai in ce a kashe zance.

Bazawara in ta fita sau biyu,
Ka san matsalar tata ce.

Gwaggon Zongo
Ina Kumasi ina karatu shiru tun farko, amma wannan yaron ya tashe ni.

Ɗana, wa ya koya maka wannan?
Wace aya ka karanta?

Suratun Nur ta kira mace da namiji,
Bulala ɗari, babu bambanta.

Zumar ta ce kar a yanke ƙauna,
Kira ne ga maza da mata.

Nana Hadiza ta yi aure biyu,
Kafin Manzo ya aure ta.

Cikin matansa A'isha ce kaɗai
Ya aura da budurcinta.

Namiji ya saki mata huɗu,
Gobe a ba shi 'yar maƙwabta.

Ita ta fito da tabon duka,
A ce bakinta ya ja mata.

In har tuba tana wanke ka,
To tana wanke ta ita ma, ka ji ta.

Kana da uwa, kana da ƙanne,
Ka ji tsoron ranar da za ka tuna ta.

'Yar Zazzau
Gwaggo, Allah ya ja kwana. Sarkin Samari, muna jiran amsa.

Bakanon Kurmi
Ba zai dawo ba. Gwaggo ta gama magana, kuma a rubuta cewa ba Bazazzagiya ba ce, kafin Na Tudun Wada ya ce tasu ce.

Na Tudun Wada
Duk inda ka ga ilimi ka bi salsala, za ka tarar da Zariya.

Gwaggon Zongo
Ku bar ni da wasanku. Ban gama ba, saura 'yata ta Zazzau da Malam.

'Yata, kin yi gaskiya rabi,
Ba kowace jiya ake rufewa.

Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta je ga Manzo,
Maza biyu sun fito, tana dubawa.

Ya ce Mu'awiya ba shi da dukiya,
Abu Jahmi sandarsa ba ya saukewa.

Ki auri Usama, haka Muslim ya ruwaito,
Nasiha ce, ba gulma ake yaɗawa.

Laifin da ke tsakaninsa da Allah,
In ya tuba, ba a tonawa.

Wanda zai bi amarya har ɗakinta,
Duka, cuta, bashi, ba a ɓoyewa.

Kano ta yi doka a 2024,
Gwajin jini kafin aure, ba tsallakewa.

Don ƙwayar cuta ba ta san tuba ba,
Ko ya yi kuka tana wucewa.

Ɗan Fagge, ka tambayi maƙwabta,
Ka ji su wa yake zama da su suna shirawa.

Ka ji yadda yake da mahaifiyarsa,
Da abin da yake yi in rai na ɓacewa.

Sannan duk kun yi ta surutu,
Ita yarinyar ba wanda ke tambayawa.

Nas ta Maraɗi
Afuwan, na shigo a makare, ina aikin dare. Ni ba gwana ba ce, ga nawa. Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma hanawa ba ta warkar da wanda ya riga ya saba. Ta wannan gefen nake tare da Gwaggo.

Shaye-shaye zunubi ne, na yarda,
Amma ciwo ne mai komawa.

Tsohuwar majalisa ke jan mutum,
Da rashin aiki, da damuwa.

Ku tambaye shi yadda ya bari,
Da wanda ya riƙe shi yana farfaɗowa.

Wanda ya ce ni ban taɓa ba,
Ya fi ban tsoro kan mai faɗin gaskiya kowa na ji.

Malamin Damagaram
Nas, ɗangonki na ƙarshe ya fita daga amsa-amo gaba ɗaya, daga "wa" kin faɗa "ji". Gwaggo kuma, da girmanki, shekarar nan da kika sa a baiti, in an furta ta, gaɓa 11 ce ita kaɗai. A aruli, wato ilimin auna karin waƙa, Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara karuruwa 15, Ahfashu ya ƙara Mutadarak suka zama 16. A wanne wannan ɗango ya hau?

Bakanon Kurmi
Malam, kafin aruli ya zo ƙasar nan,
Hausa na da kalangu da gurmi.

Mata na daka suna rerawa,
Karinsu na fita daga turmi.

Kai ka zauna kana ƙirga gaɓa,
Mu muna neman mafita a Kurmi.

Malamin Damagaram
Waƙar baka daban, rubutacciya daban. Makaɗi yana da kiɗa da zai ɓoye masa gurgunta, marubuci ba shi da kowa sai gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Kuma baitinka na ƙarshe ka cusa "Kurmi" ne don kawai ya dace, ba ma'ana.

Bakanon Kurmi
Naka "Ya buge shi ko ya kusa, ba jinkiri" fa? Rera mana shi mu ji in numfashi zai kai.

Malamin Damagaram
Lafazin riwayar ne haka, ba zan yanke shi don kari ba.

'Yar Zazzau
To Gwaggo ma ba za ta yanke shekarar doka don kari ba.

Na Tudun Wada
Zazzau ta sake ci!

Mai Zaure
Jama'a, a dakata. Mutum ya kawo maganar auren ƙanwarsa, kun mayar da ita ajin aruli. Mai son gardamar kari ya buɗe nasa zaren. Ɗan Fagge, Gwaggo ta yi maka tambaya tun shekaranjiya.

'Yar Zazzau
Kafin ya zo, ga nawa ga Gwaggo.

Gwaggo, na karɓi Abu Jahmi,
Mai duka ba a ɓoye shi.

Amma wannan bai doki kowa ba,
Kansa ya cuta, Allah ya tsamo shi.

In kowace ƙofa ta rufe masa,
Tsohuwar majalisa ce za ta karɓe shi.

Nas ta Maraɗi
Haka ne ƙanwata, amma mace ba asibiti ba ce. Kar a ɗaura mata aure don ta yi jinya.

Ɗan Fagge
Ku gafarce ni, na yi tafiya Wudil.

Gwaggo, na zauna da yarinyar,
Ashe labarin bai zo mata baƙo ba.

Shi da bakinsa ya faɗa mata,
Tun ba a kai gaisuwa ba.

Ya ce ki sani kafin ki amsa,
Ban so ki ji a bakin wani ba.

Wannan ya rage mini nauyi,
Amma bai sauke shi duka ba.

Zan je shagonsa in zauna da shi,
Ban yarda da saƙon baki ba.

Za a yi gwaji, za a ja lokaci,
Ba za a sa rana kafin Sallah ba.

'Yar Zazzau, kazar da kika hana ni,
Ina binki, ban yafe ba.

Gwaggon Zongo
In za ka shagon, ka tafi da kawunku, kar ka je kai kaɗai. Kuma ka tambaye shi abin da Nas ta ce, wa ya riƙe shi har ya bari. Wannan mutumin ku je ku gan shi shi ma.