Shin kiɗan Karebiyan daga yankinmu ya samo asali?

Ɗan Anguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Na ji kiɗan mutanen Kuba a intanet, sai ya tuna mini da kalangun da muke ji a bukukuwan aure a nan Jos. Malamai, akwai dangantaka tsakaninsu, ko kunnena ne ya yaudare ni?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kunnenka bai yi ƙarya ba, amma asalin ya fi kusa da Yarabawa. Bayin da aka kai Kuba sun tafi da al'adar gangunan Yarabawa da ake kira bata, waɗanda har yau ake kaɗa su uku tare, babba da matsakaiciya da ƙarama, a ibadar da suka gada, kuma suna kwaikwayon hawa da saukar muryar Yarabanci kamar yadda kalangu ke furta kirari. Bambancin shi ne, mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata domin ya sauya amo, bata kuwa da tafin hannu ake buga ta a Kuba.

Hajiya daga Bukuru:
Malam, a tsibirin Tirinidad da ke Karebiyan Turawan mulki sun hana kiɗan ganga a shekarun 1880, sai mutane suka koma buga gora, daga baya suka ƙera abin kiɗa da durom ɗin mai. Ni damuwata ita ce samarinmu sun fi son kiɗan kwamfuta, iyalan makaɗa kuma suna rasa masu gadon sana'ar.