"Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare": da wa ake?

Maman Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya aka yi zaman sulhu a gidanmu tsakanin yayana da matarsa. Aurensu bai cika shekara biyu ba, ga goyo. Ita kukanta shi ne, mutumin da a da yake raba dare yana hira da ita a waya, yanzu in ya shigo sai ya ci abinci ya juya mata baya. Shi kuma ya ce ko sannu da zuwa ta daina yi masa. Gwaggonmu ta saurare su tsaf, ta ce "ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare," ta ɗauki mayafinta ta fita. Yanzu shi ya ce da matar ake, ita ta ce da shi ake. Abin yana damuna, don dukansu ina son su.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Ai a fili take, miya kuɗi ce. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 gidaje nawa suka rikice? Ranar da cefane ya ragu, ranar ake sanin matar rufin asiri.

Hajiya 'Yar Gusau: Baban Sadik, kullum ku maza sai ku ɗora wa mace. Miyar nan amarci ce. Lalle ya goge, humra ta ƙare, garar da aka kawo an cinye, alkaki da dublan sun zama labari. Wadda ka saba gani da kwalliya a zaure bayan isha'i, yau ga ta da laulayi tana amai da asuba. Nan ne ake gane ko ita kake so ko ƙamshin.

Ɗan Maraɗi: To ai mu talakawa kowane zaɓe amare ne. Ga taliya, ga atamfa, ga sabulu. Ana rantsar da ango sai lambarsa ta daina shiga.

Baban Sadik: Namu ma ko kwana bakwai ɗin bai cika mana ba. Rijiyar burtsatsen da ya ƙaddamar da tambura har yau ba ta ɗiga ba.

Malam Na Ƙofar Mata: Ku bar siyasa tukuna. Shari'a da kanta ta san ɗoki yana da wa'adi: budurwa kwana 7, bazawara kwana 3, sannan a koma rabon kwana. Kuma a Suratur Rum aya ta 21 Allah bai ambaci soyayya ita kaɗai ba, ya haɗa ta da rahama. Wasu masu tafsiri sun ce soyayyar ta ƙuruciya ce, rahamar ta tsufa. Gwaggonku da su biyun take.

Nas Zainab: Malam, a jikin mutum ma haka abin yake. A Jami'ar Pabiya ta Italiya an auna jinin sababbin masoya, aka buga sakamakon a 2006: wani sinadari da ke da alaƙa da jijiyoyi ya hau a jininsu, da aka sake aunawa bayan shekara ɗaya zuwa biyu ya sauko daidai da na kowa. A Jamus kuma an bi mutum sama da 24,000 tsawon shekara 15, aka ga yawanci farin cikin aure yana komawa inda yake a da bayan kamar shekara biyu. Zuciya ba za ta yi ta bugun ranar farko har abada ba, ba wanda zai iya. Maman Hanifa, ki duba ma ko matar tana samun barci, mai jego ba ta da ƙarfin tarbar kowa.

Uwar Biyu: Bari in ba ku labarin kakata, Allah ya jiƙanta. An aurar da ita tana yarinya ga kakanmu, ya tafi da ita Kumasi, can zango, yana fataucin goro. Ta ce shekarun farko ba turmin atamfar da zai fito bai saya mata ba, har matan gidan haya suna yi mata waƙa. Sai 1969 gwamnatin Ghana ta Firayim Minista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice daga ƙasar. Suka baro shago, suka baro bashin da suke bin mutane, suka hau akori-kura da yara biyu da ƙullin kaya. Da suka iso gida kakanmu ya zama wani iri. Ba hira, ba dariya, in ta yi magana sai tsawa. Danginta suka ce ta dawo gida, ta ƙi. Ta sayar da tasoshin jerenta ta sayi gyaɗa, ta fara ƙuli-ƙuli da mai a cikin gida, yara suna kai talla. Ta ce abin da ya riƙe ta shi ne, duk asuba in ta tashi sai ta tarar da randunanta cike da ruwa, itace a faskare. Da dare yake yi don kada maƙwabta su ga mai gida da tulu. Bai taɓa faɗa ba, ita ma ba ta taɓa yi masa godiya ba, don ta san zai ji kunya. Na taɓa tambayarta, Iya, kina son sa kuwa a lokacin? Ta ce ke tafi can, wa yake da lokacin so, ni dai na san in na tafi ba mai ba shi abinci.

Hajiya 'Yar Gusau: Allahu akbar. Matan da kenan.

Uwar Biyu: Ban gama ba Hajiya. Da kuɗin ƙulin nan ya sake kafa jari. Yana farfaɗowa ya ƙaro aure, 'yar shekara goma sha. Iya ce ta haɗa lefen da hannunta. Har ta rasu ba ta faɗi sunansa ba, kuma har ta rasu in aka ambaci ranar nan sai ta tashi ta bar wajen. Amma da ya kwanta ciwon ajali, ɗakinta ya ce a kai shi.

Abu Samaru: To wa ye maci tuwo a nan? Ni dai na ga sabo turken wawa. Ta ci gaya, da miya ta dawo aka miƙa wa wata.

Uwar Biyu: Abu, ka iya bakinka, kakata ba wawuya ba ce.

Abu Samaru: Allah ya ba ki haƙuri Yaya, karin magana ce ta zo. Abin da ke ƙona min rai shi ne kullum mace ake ce wa ta ci tuwon haka nan.

Malam Na Ƙofar Mata: Shi da ke ɗebo ruwa da tsakar dare fa, ba ka lissafa shi ba? Kuma ƙarin aure ba laifi ba ne.

Hajiya 'Yar Gusau: Ba laifi ba ne Malam, amma da kuɗin ƙulinta? Da tsohuwar zuma ake magani, shi ya sa da ciwo ya zo ya san ɗakin da zai nufa.

Ɗan Maraɗi: Kamar wani da na sani, sai kujera ta kuɓuce yake tuna hanyar mazaɓarsa, ya zo gaisuwar mutuwa har da hawaye.

Baban Sadik: Namu jam'iyya uku ya aura, duk ya sake su ba idda.

Nas Zainab: Uwar Biyu, amaryar fa? Ita ma ai nata amarcin ya ƙare wata rana. Ya suka zauna da Iya?

Uwar Biyu: Wannan dogon zance ne. Ita ce ta yi jinyar Iya a ƙarshe, tana nan da ranta. Sai na tambaye ta izini kafin in faɗi nata.