An gayyace ni daren tekno a Berlin: in bi su ko in jira bikin Leipzig?

Ɗalibin Magdeburg:
Assalamu alaikum, yayyena da ke Jamus. Shekarata 22, kuma wata takwas ke nan ina karatu a Magdeburg. Bajamushen da muke zaune gida ɗaya shi ya fara sa mini tekno, wani kiɗan na'ura mai nauyi da duhu, wanda babu waƙa a cikinsa sai bugu guda da ke maimaita kansa kamar sau 130 a minti ɗaya, da wani amo can ƙasa da ƙirji ke riga kunne ji. Da farko na raina shi, yanzu kuwa da shi nake karatun dare. Asabar mai zuwa za su je wani gidan rawa a Berlin, sun ce in bi su. Ba na shan giya, ba na shan komai, tikitin ɗalibai ya ɗauke mini kuɗin jirgi, amma yuro 70 kacal suka rage mini a wannan watan. Shin in je, ko in tara kuɗin in jira Wave-Gotik-Treffen, bikin masu baƙaƙen kaya da ake yi a Leipzig tun 1992? Wanda ya taɓa zuwa nake so ya ba ni labari.

Kawun Hamburg:
Wa alaikumus salam. Ɗana, giya ita ce uwar ɓarna, kuma kuɗin jirgi daga can zuwa Berlin kaɗai zai cinye maka abin cefane. Ka zauna ka yi abin da ya kawo ka.

Baƙon Neukölln:
Ƙanena, ni na je, kuma abin da ya same ni zan faɗa maka. Ina ɗan shekara 23 na kamu da son wannan kiɗa, har na karanta tarihinsa, na gano cewa baƙaƙen fata uku na yankin Detroit a Amurka, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, su suka ƙera shi a shekarun 1980 da na'urorin kiɗa na kamfanin Roland irin su TR-909. Saboda haka na tafi da gadarar cewa gidanmu zan shiga. Cikin Janairu ne. Na tsaya a layi daga ƙarfe ɗaya na dare har kusan huɗu, sanyi ya sa yatsun ƙafata suka daina ji, babu mai magana da ƙarfi don an ce masu tsaron ƙofa na lura da kowa, kuma ta cikin bangon siminti ina jin bugun yana girgiza ƙarfen shingen da na dafa. Da na iso gaba, mutumin ya dube ni daga takalmi zuwa hula, ya tambaye ni wa ke kiɗa yau, na faɗa masa daidai, sai ya girgiza kai ya nuna mini hanya da haɓa. Turawa biyun da muka zo tare suka shige. Na koma tasha na sayi shayi a kofin takarda ina riƙe da shi don ɗumin hannu, ban iya sha ba. Har yau idan na ji kiɗan, wannan haɓar nake fara tunawa.

'Yar Zangon Kumasi:
Sannu, Yaya, amma ana korar Turawa ma, na ga an mayar da Jamusawa biyar a gabana. Ni yuro 15 na biya na shiga, aka manna wata 'yar takarda a kan kyamarar wayata don an hana ɗaukar hoto, na sha lemo da ruwan famfo har gari ya waye, babu wanda ya tambaye ni dalili. Abin da ya burge ni shi ne babu mai kallon wani, kowa ya fuskanci DJ cikin hayaƙi da 'yar fitila ja. Ka tafi da abin toshe kunne, domin ni kwana biyu kunnena na ƙara.

Baƙon Neukölln:
Yuro 15 kuma? A wace shekara? Ranar da aka kore ni 25 ake karɓa, ban da kuɗin ajiye riga. Kuma korar Bature daban take da tawa.

Mai Injiniya:
Ni 30 na biya watan jiya, abokina kuwa ya shiga wani ɗan ƙaramin wuri a 10. Kuɗin ya danganta da wurin da kuma mai kiɗan. Amma ɗalibi, ka lura cewa abubuwa biyun da kake aunawa ba ɗaya ba ne. Tekno na Berlin ya bunƙasa ne bayan faɗuwar katangar Berlin a 1989, lokacin da matasa suka mamaye gine-ginen da aka yasar. Gidan rawa na Tresor ya buɗe a 1991 cikin ma'ajiyar kuɗin wani tsohon kanti, na Berghain kuma a 2004 cikin tsohuwar tashar wutar lantarki. Na Leipzig ya fi karkata ga kiɗan gotik da EBM (wani kiɗan rawa na na'ura mai kaushi), irin wanda ya fito daga Beljiyam da Düsseldorf, kuma tikitinsa na kwanaki huɗu ya ninka abin da ke aljihunka.

Kawun Hamburg:
Shekarata 26 a ƙasar nan. Yaran da suka zo jiya ne za su koya mini Jamus?

'Yar Zangon Kumasi:
Kawu, da girmanka, amma yaron ya ce wanda ya taɓa zuwa yake nema. Shin ka taɓa shiga?

Kawun Hamburg:
Ba sai na faɗa rijiya zan san zurfinta ba. Shi ma wanda aka kora a ƙofa bai shiga ba, ga shi kuna saurarensa.

Na Ƙofar Mata:
Na saurari kiɗan da kuke ta musu a kansa, kuma na rantse injin markaɗen unguwarmu ya fi shi canza murya. Idan duhu da ƙara da zafi kuke so, ku zo gida lokacin bazara a ɗauke wuta maƙwabci ya tayar da janareta, yuro biyar zan karɓa a ƙofa, kuma ba na korar kowa.

Mai Injiniya:
Ka yi dariyarka, amma a Maris 2024 Jamus ta sa tekno na Berlin cikin jerin al'adunta na gado. Sai dai girmamawar ba ta biyan haya: gidan rawa na Watergate ya rufe a ƙarshen 2024 bayan shekara 22, kuma tsadar haya na cikin dalilan da suka bayar. Shi ya sa kuɗin shiga ke ta hawa.

Baƙon Neukölln:
To, ai ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Hayar da ke rufe gidajen rawa ita ke korar mu. Na aika takardar neman ɗaki fiye da sau talatin, wanda na samu a ƙarshe yuro 650 ne, kuma masu gidajen irin kallon mai tsaron ƙofar nan suke yi wa sunana tun kafin su ga fuskata.

'Yar Zangon Kumasi:
650 da kuɗin ɗumama ɗaki ko babu? Ni 480 nake biya a unguwar Wedding ta Berlin, amma mai gidan ya aiko da takardar ƙari.

Ɗalibin Magdeburg:
Na gode, yayyena. To, idan aka mayar da ni a ƙofa ƙarfe huɗu na dare su kuma suka shige, a ina zan jira jirgin farko na Magdeburg?

Baƙon Neukölln:
Ƙanwata, ƙarin nawa ya rubuta a takardar? Kada ki sa hannu kafin ki nuna wa ƙungiyar 'yan haya.