Maciji ya sari ƙanena, yau kuma dasashinsa na jini

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa, ku taimake ni da shawara. Ƙanena ne, wanda na riƙe tun rasuwar Baba, shi ke kula da gonar audugarmu a wajen Lagdo, gonar da har yau muke shari'a da 'yan uba a kanta. Shekaranjiya da magariba maciji ya sare shi a idon sawu, ƙarami, ruwan ƙasa mai ɗigon fari. Aka ɗaure cinyar, mai magani ya tsaga wurin ya manna baƙin dutse. Yau yana asuwaki sai ga jini, tsagar ma ba ta daina tsiyaya ba. Ni ina Garwa, kuɗin hannuna na makarantar yara ne.

Kawu mai shanu: Dutsen ya faɗi da kansa? In ya faɗi magana ta ƙare. Mugun jini ne ke fita. Sau biyu ana sarana, ga ni ina tafiya.

Malamar asibiti: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma wannan kububuwa ce, ta cika kwarin Binuwai. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, dutse ba ya zuƙo shi. A asibiti za a zuba jininsa a busasshiyar kwalba, a jira minti 20. In bai daskare ba, allurar kashe dafi kawai. Ko an kwana biyu tana aiki. Kada a ba shi asfirin, kada ya taka ƙafar, ɗaurin nan kuwa ruɓar da ƙafa yake yi.

Uwar biyu: Hmm. Mu da muka kai maigida aka ce babu allurar, muka yi ta yawo a babur cikin dare. A fara bugo waya a tambaya. Dangin miji ko sisi.

Mai tambaya: Malama, an kwance igiyar tun jiya. Kuma mai maganin nan ba baƙo ba ne, shi ya yi wa Baba ɗori. Yaron yana cin tuwo, har da dariya.

Malamar asibiti: Yaya, haka take yaudara, jinin na iya zuba ta ciki. Fitsarinsa wane launi ne? Kansa na ciwo?

Kawu mai shanu: 'Yan boko da tsoratarwa! A ba shi tsamiya ya yi amai.

Mai tambaya: Ban tambayi fitsarin ba. Inna ta ce a bari a ga gobe, wayarta kuma ba caji.