Muhawara: furotin CENH3 ne kaɗai ke korar kuromosom, zaren da ke ɗauke da gado a ƙwayar halitta, a barbarar hatsi iri biyu?

Mai Madubi: Ni dai na tsaya a kan cewa CENH3 ne tushen abin. Shi ne furotin da ke zama a ƙugun kuromosom, wato santiromiya, inda zaren da ke jansa ke kamawa in ƙwayar halitta za ta rabu biyu. A barbarar sha'ir da danginsa na daji, Hordeum bulbosum, kowanne ya ba da kuromosom 7. Binciken cibiyar IPK ta Jamus na 2011 ya nuna na bulbosum kan rasa wannan furotin, su tsaya a tsakiya lokacin rabuwa, su dunƙule gefe su lalace. Cikin kwana 5 zuwa 9 bayan barbara sun ƙare.

Mai Zaɓen Iri: Malam, an ga hakan, amma wanne ya fara, ɓacewar furotin ko makarar kuromosom? Wannan barbarar dai, idan zafi ya haura digiri 18 korar na ƙaruwa, a sanyi kuwa kuromosom 14 na iya zama lafiya. Furotin ɗin bai canja ba ai.

Mai Madubi: Bai canja ba, Malama, ɗora shi a ƙugu ne ke tangarɗa.

Mai Zaɓen Iri: To ka dawo inda nake. Ba bambancin furotin ba ne, lokacin ɗorawa ne. Ƙwayoyin halittar iyayen biyu ba sa rabuwa da sauri ɗaya. Ka kuma duba: in bulbosum mai kuromosom 28 ne, ya ba da 14 a kan 7 na sha'ir, tayin yakan riƙe su.

Dattijo: Ku ƙara da hatsin ot, wato oats. An samu ire-iren ot ɗauke da kuromosom ɗin masara, kuma CENH3 na ot ne ke hawa ƙugunsa, yana aiki. Baƙon furotin bai hana zama ba. Gero ma haka: tayin ot na riƙe kuromosom ɗin gero, na alkama na watsar da su.

Mai Madubi: Ranka ya daɗe, a 2010 fa an sauya CENH3 kawai a Arabidopsis, wani ɗan tsiro da ake gwaji da shi, kuromosom ɗin ɓangare ɗaya suka zube.

Dattijo: Wannan ya nuna yana iya haddasawa, bai ce kullum shi ne ba. A aikace, mai barbarar alkama da bununin masara korar yake so. Kuromosom 10 na masara na zubewa a rabuwar farko-farko. Ya sa sinadarin 2,4-D mai taimaka wa tayi girma bayan barbara, ya ciro tayin wajen mako biyu tunda ba abincin ƙwaya, sannan sinadarin kolcisin ya ninka kuromosom 21 na alkama su koma 42. In ya makara, tayin ya bushe.

Mai Zaɓen Iri: Malam, sai ka kawo mana hujjar cewa furotin ke ɓacewa kafin kuromosom ya makara, a alkama, ba sha'ir kaɗai ba.