Abin da aka tattauna kan ziyarar kufan Ayutthaya

Jama'a, zancen da aka yi kan ko kufan Ayutthaya da ke ƙasar Thailand ya cancanci zuwa, da yadda za a je, ya yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Kowa ya yarda wurin ya cancanci zuwa. Ayutthaya ce babban birnin Siyam (tsohon sunan Thailand) har 1767, lokacin da sojojin Burma suka ƙone ta. Fatake daga Sin, Japan, Farisa da Fotugal sun zauna cikinta.

2. Daga Bankok, babban birnin Thailand na yanzu, kusan kilomita 80 ne, jirgin ƙasa ya fi araha.

3. A fita da sassafe, rana na da zafi sosai. A rufe kafaɗu da gwiwoyi. A haikalin Wat Mahathat, inda kan gunkin Buda yake cikin saiwoyin bishiya, mai ɗaukar hoto ya durƙusa, kada kansa ya fi na gunkin tsawo.

An rabu kan abin hawa: matasa sun zaɓi keke, masu iyali suka ce a ɗauki tuk-tuk (irin a daidaita sahu). Wasu sun ce yini ɗaya ya isa, wasu suka ce a kwana don ganin haikalin Wat Chaiwatthanaram da yamma. Ni ina tare da masu kwana, gaggawa tana cin rabin daɗin wurin.

Masu tambayar halal: akwai Musulmi da masallatai a garin, abinci ba zai gagara ba.